Abin da Na Faɗa a Taron Masu Masauki

Wadda take rubuta mini wannan magana ta ce in fara daga ranar da muka bar Ƙofar Rini a Sakkwato. Ba zan fara daga nan ba. Fita daga gida kowa ya san ta: a yi kuka, a yi addu'a, a ɗora kaya. Abin da nake so a rubuta yana can gaba, a ƙasar Sudan, inda na baro mutum ban san wurin da na baro shi ba. Sunana Kulu. Ban yi karatu ba sai na salla. Na ce mata idan kuka ya tsayar da ni ta ajiye alƙalami ta jira, kada ta cike mini gurbin da maganarta.

Ni da mai gidanmu muka kama hanyar Gabas da niyyar Hajji ta ƙasa, yadda talakawa ke yi a lokacin: a yi tafiya, guzuri ya ƙare, a tsaya a yi aiki, a ƙara gaba. Shi baduku ne, yana ɗinka takalma da jaka da kube. Allah bai bar mana ɗa mai rai ba, don haka mu biyu ne kawai, da kayan aikinsa da tandata ta masa.

A Fallomi, ƙasar Chadi, aka fara koya mana hanya. Wani mutum mai farar riga ya tare mu a bakin tasha da Hausa tsantsa, ya ce shi ɗan gida ne, motarsa za ta tashi yanzu yanzu. Ya karɓi kuɗin mota, ya taimaka mana muka hau wata babbar mota tare da wasu mutanen Katsina, ya ce zai kira direba. Muka zauna bisa kaya tun hantsi har aka kira azahar. Sai da wani mai sayar da ruwa ya tausaya mana, ya ɗaga murfin gaban motar ya nuna mana. Babu inji a ciki. Kaza ce kwance a wurin tana ƙwai. Ni na fashe da kuka. Mai gidanmu kuwa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ke Kulu, bari kuka. Ko ba komi yau dai mun hau mota."

Daga nan ƙafa muka sa, muna bin ayarin jakuna. Kafin mu kai Abbashe ƙafafuna sun kumbura sun tsage. Wata Balarabiya a bakin rijiya ta dube ni, ta yi magana ban ji ba, na yi magana ba ta ji ba. Ta ja ni inuwa, ta wanke mini ƙafafu da hannunta, ta shafa musu man shanu. Mai gidanmu ya ɗinke mata salkar ruwanta da ta yage. Muka rabu ba wanda ya san sunan wani. A wannan ƙasa na fara jin kewar gida irin wadda ke hana abinci wucewa. Ruwansu ba ya kashe ƙishi kamar na Rima, kiran sallarsu ma wata murya ce daban. Idan na rufe ido sai in ga matan ƙauyen Dundaye suna shigowa gari da ƙoren nono a ka.

Dole in bayyana yadda masauki yake, don a kansa maganata take. Kowane gari a kan hanyar nan yana da unguwar mutanenmu, kowace unguwa da masu masaukinta. Su ke tarbar baƙo a tasha, su ba shi ɗaki, su nemo masa aiki, su yi masa tafinta wurin hukuma, idan ya tashi su haɗa shi da mai masaukin gari na gaba. Idan ya mutu su binne shi. Tambayarsu ɗaya ce: "Daga ina?" Ka faɗi garinku, shi ke nan ka samu suna. "Basakkwace da matarsa, ku ba su ɗakin bakin rijiya." Mu a lokacin daɗi muke ji. Sai mu ga kamar duk Sakkwato ce muke ɗauke da ita a ka.

A Lubayya, cikin ƙasar Sudan, guzuri ya ƙare ƙaf, ni kuma kurkunu ya fito mini a ƙafa, ko bayan gida sai da rarrafe. Shekarar da Turawa suka bar Sudan ke nan. Wata safiya mota ta zo neman ma'aikata, a kai su hayin kogi tsinkar auduga da yankan dawa. Mai gidanmu ya sa basillarsa a aljihu, ya bar mini sauran kayan. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Kahin ƙahwarki ta warke na komo." Ban iya rakiya ba. Bayansa kawai na gani yana duƙawa ya fita, don dogo ne.

Ƙafa ta warke. Aka gama auduga, aka gama dawa. Wasu daga cikin waɗanda motar ta ɗauka suka dawo, suka ce tun a hayin kogi aka rarraba su, kowa da motar da ya hau. Na sayar da kayan dukancin, na ɗauki tandata na bi baya.

A Kosti mai masauki ya ce mini, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

Na ce, "Mai gidanmu."

"Sunansa?"

Na sunkuyar da kai. A wurinmu mace ba ta faɗin sunan mijinta. Tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa faɗa ba, ko a zuciya kauce masa nake yi. A gida wannan ba ya hana komai, don kullum akwai wanda zai faɗa miki: ƙanensa, ko maƙwabciya, ko wani mai wucewa. Ba mu taɓa tunanin ranar da mace za ta tsaya ita kaɗai ba mai faɗa mata ba. Shi ma mai masaukin ya san al'ada, bai matsa mini ba. Na ce, "Basakkwace na, dogo, baduku." Ya ce, "Sakkwatawa da yawa sun wuce bana. Gwada Madani, can auduga take."

A Madani aka kai ni gidan Uwani, wata Bakanuwa mai saukar da mata waɗanda ba su da kowa. Mace ce mai ƙiba da baki. Da na gaishe ta ta ce, "Oho, 'yan munka-sunka sun iso. Shigo, Basakkwata, mu ji ko masarku ta kai yadda kuke cika baki." Da ta ji labarina ta ajiye muciya ta ce, "To sunansa? Faɗa mini a kunne, ba zan ƙwace miki shi ba, na gaji da maza." Na kasa. Ta ce, "Kin ga wahala. To tsaya. Zan riƙa kirawa, inda na taka shi ki yi tari." Ta fara: Audu, Garba, Mamman, Isa, har da Tanko da Ɗanjuma. Tana kira tana duban fuskata, matan gida suna dariya. Da ta kai kansa ban yi tari ba, hawaye ne suka zubo. Ta daina dariya. Ta yafa mayafi ta zaga Madani da sunan, gida gida, gona gona. Ba wanda ya san shi.

Na zauna wurin Uwani ina toya masa a ƙofar gida. Shekaru suka wuce ni ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Liman ya ce in je wurin alƙali a yanke mini hukunci. Na ce in yi wa mai rai takaba? Ya shigo ya same ni cikin kayan takabarsa? Idan kuwa ya rasu, ga shi kwance wani wuri ba sadaka, ba addu'ar matarsa. Na rasa wanda zan kama. Na riƙa ganinsa a kasuwa. Duk dogon mutumin da ya duƙa zai shiga rumfa, sai in bar tanda kan wuta in bi shi, ya juyo in ga baƙuwar fuska. Idan iska ta kawo warin jima sai in tsaya ina waige-waige. Akwai ranar da na ji ana bubbuga fata a bayan katanga da irin bugunsa, biyu a jere sannan ɗaya. Na zaga, ba kowa sai akuya.

Zazzaɓi ya ɗauke Uwani cikin damina. Gidan ya dawo hannuna, don ba wadda ta daɗe kamar ni. Haka na zama mai masauki ban nema ba.

Ana gab da ba ƙasarmu mulkin kai sai wasu manya suka zo daga gida. Suka ce a tara masu masauki na duk hanya, tun daga Jinaina har bakin teku, a zauna a Madani a yi shawara kan yadda ake karɓar baƙi. Aka kafa rumfa a filin wata makaranta. Ni da wasu mata biyu masu gidaje irin nawa aka shimfiɗa mana tabarma a bayan asabari, muna ji ba a ganinmu, kuma mu ke dafa abincin. Na leƙa na ga rawuna da huluna cike da rumfa, na ce a raina: duk ƙofar da mai gidanmu zai iya shiga a ƙasar nan, ga mai ita zaune. Ba za su sake haɗuwa wuri ɗaya ba.

An yi magana mai amfani, ba zan ɓoye ba. An yi maganar fasfo, cewa zamanin shiga ƙasa ba takarda ya ƙare. An yi maganar allurar rigakafi. An yi maganar masu damfarar baƙi a tasha, na tuna kazar Fallomi. An yi maganar waɗanda suka maƙale shekara da shekaru, ba su kai Makka ba ba su koma gida ba, aka ce za a kawo motoci a mayar da mai so. An kusa dambe kan wa ke da ikon ɗaukar baƙo idan mota ta tsaya tsakanin unguwa biyu.

Ranar ƙarshe bayan la'asar, shugaban taron, wani Alhaji mai sanyin murya cikin waɗanda suka zo daga gida, ya ce kafin a yi fatiha kowa ya faɗi yadda ya ga taron, mai daɗi da marar daɗi, don a gyara gaba.

Mai masaukin Jinaina ya ce, "Taro ya yi kyau, amma mu da muka fi kowa nisa mu aka zaunar a rana." Wani ya ce masu jawabi sun cika sa Turanci, shi dai ya gane fasfo, sauran sai Allah. Wani Bakano ya ce komai ya yi sai nama da ya yi kaɗan. Wani Bazazzagi ya ce, "Ai dole ya yi kaɗan, tunda kai aka zaunar kusa da tukunya." Bakanon ya ce, "Rabu da shi, Alhaji, bawana ne, tun jiya nake ba shi ƙashi." Rumfa ta ɗauki dariya. Wani ya ce a ƙara kwana nan gaba, wani ya ce a rage, ya bar baƙi ba mai kula da su.

Sai Alhaji ya juyo wajen asabari ya ce, "Iyayenmu mata fa? Basakkwata, ke kika ciyar da mu. Yaya kika ga taro?"

Matan nan biyu suka ce in ce madalla kawai. Na miƙe. Ban san na ɗaga asabarin ba sai da na ga idanu a kaina.

Na ce, "Ranka shi daɗe, taro ya yi kyau, Allah shi saka. Kun yi maganar takarda, kun yi maganar allura, kun yi maganar yadda baƙo ka shigowa da yadda shika hita. Abu guda na ban jiya ba. Ban ji inda kunka ce mi za a yi in baƙo ya shiga hannunku ya ɓace ba. Ni nawa ya ɓace. Mota ta ɗauke shi Lubayya shekarar da Turawa sunka tashi."

Alhaji ya ce a hankali, "Wane ne shi, Inna?"

Na duba hagu da dama. Babu Uwani. Na ce, "Ummaru. Ummaru ɗan Bawa baduku, na Ƙohwar Rini." Ban taɓa jin sunan nan da muryata ba. Ya fita da ƙarfi fiye da yadda na nufa, kamar ina kiransa ya zo ya ci abinci. Wasu dattawa suka kawar da kai don kunya ta kama su a madadina.

Na jira. Shekaru ina zaton sunan nan ne mabuɗi, ni ce na riƙe shi. Kowa ya dubi na kusa da shi. Ba wanda ya san shi.

Wani tsoho mai farin gemu, mai masaukin Kasala, ya ce, "'Yata, ko tun ranar kika bi mu ɗaya ɗaya da sunan nan, ba mu da shi. Mu gari muke riƙewa. Ke ma ai mai masauki ce. Matan da ke gidanki yanzu, su wane ne?"

Na buɗe baki in lissafa su. Bakatsina. Bagobira mai ciki. 'Yan Hadeja su biyu. Na rufe bakina. Ni kaina duk rumfar nan ba wanda ya san ni Kulu ce.

Tsohon ya ce, "Amma shekarar da kika faɗa na binne Basakkwace. Dogo ne. Sanƙarau ya kama shi kwana kaɗan da saukarsa. Yana ta cewa ya baro mace ba lafiya a yamma. Bai faɗi garin ba, ni ma ban tambaya ba."

Kafin in zauna sai mai masaukin Gadarif ya ce, "Dakata, Baba. Ni ma na binne ɗaya a kakar shekarar da ta faɗa. Maciji ya sare shi a gonar dawa. Shi ke gyara wa ma'aikata takalma, kullum da basilla a hannu. Sai dai ba zan ce dogo ba ne. Kuma yana da gibi."

Na ce nawa ba shi da gibi. Ya ce, "Haƙori ai faɗuwa yake yi a hanya."

Sai na Sinnar ya ɗaga hannu kamar ba ya so. Ya ce motar ma'aikata ta kife kusa da garinsu, aka kawo masa mutum ɗaya da sauran numfashi, fuska ba ta ganuwa. Abin da ya ce kawai, "Ƙishi nika ji." Da wannan suka gane Basakkwace ne. Dogo, hannunsa duk kanta irin ta masu aikin fata.

Suka fara ja a tsakaninsu. Na Kasala ya ce nasa ne nawa, ai ya ambaci mace. Na Gadarif ya ce basilla fa? Na Sinnar ya ce shi dai ya ga hannun. Ba faɗa suke yi ba. Kowannensu so yake ya ba ni kabari in tafi da shi, don ba su da wani abin ba ni. Na tsaya riƙe da asabari ina jin maza uku suna mutuwa a gabana ɗaya bayan ɗaya, kowanne da wani yanki na mijina.

Alhaji ya share ido da bakin rawani. Ya ce daga yau duk mai masauki ya tambayi baƙo sunansa da na ubansa da unguwarsu. Aka ce an yarda, aka yi fatiha. Ko sun riƙe ban sani ba. Ni dai na riƙe iya zamana. Duk matar da ta sauka sai na tambaye ta sunanta da na mijinta, idan ta sunkuya in zauna in yi ta kira kamar Uwani har in taka shi.

Na je wurin alƙali, ya ji shaidar mutum ukun, ya ce in yi takaba. Na yi ta a Madani ban san wa nake yi wa ba. Makka kuwa ko tekun ban gani ba. Da motocin komawa suka zo na hau. Muka shigo Sakkwato ana ta kaɗe-kaɗen mulkin kai, 'yan makaranta riƙe da tutoci. Na ratsa su da tandata a ka. Danginsa suka ce a ina aka binne shi? Na faɗi gari uku. Suka ɗauka hanya ta taɓa mini hankali.

Bayan shekara biyu wata mata ta zo daga Dundaye, ta ji an ce na dawo daga Gabas. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ko kin ga namu? Shekarar da kunka tahi yat tahi." Na ce sunansa? Ta sunkuyar da kai. Ban matsa mata ba. Na ba ta labarin ukun yadda aka ba ni. Da na kai kan mai gyaran takalma na ce yana da gibi, sai ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Jaki ne ya harbe shi tun yana saurayi, in ji ta, kuma duk ƙauyensu shi ke ɗinke takalma. Muka yi kuka tare har rana ta yi sanyi. Ta tafi da na Gadarif. Na raka ta bakin hanya ina jin ƙyashinta, Allah ya yafe mini.

Saura biyu. Na sani mai yiwuwa ne babu nawa a cikinsu, an sha faɗa mini. Amma kowace Juma'a ina toya masa in raba sadaka kashi biyu, ɗaya don na Kasala, ɗaya don na Sinnar. Yanzu idona ya yi duhu, ba na jin saura da yawa.

Dalilin da ya sa na ce a rubuta ke nan. Idan akwai wadda mijinta, ko ubanta, ko ɗan'uwanta ya bi hanyar Gabas daga ƙasar Sakkwato wajen shekarar da Turawa suka bar Sudan, dogo, bai dawo ba, a karanta mata wannan. Ta zo Ƙofar Rini ta tambayi Kulu mai masa. Ba sai ta faɗi sunansa ba. Ta zo ta ji labarin biyun, ta ɗauki nata. Wanda ya rage shi ne nawa.